'Yar ƙauyen Italiya: motar da ta ratsa Afirka cikin kwana 11



Kwanan baya wani ɗan uwa da ke zaune a Italiya ya turo mana hoton wata tsohuwar mota ta WhatsApp. Ya ce a wani gidan adana motoci ya gan ta a birnin Turin, ga shebur ɗaure a gefenta, ga jarkokin mai, an kuma rubuta sunan Aljas da na birnin Kap a jikinta. Tambayarsa guda ce: wai da gaske wannan 'yar abar ta ƙetare Sahara? Muka nuna wa direbobi hoton a tasha, aka yi ta dariya. Wani ya ce ko buhun hatsi goma ba za ta ɗauka ba. Gaskiyarsa kuwa, ba za ta ɗauka ba. Amma ta ƙetare Saharar, ta ma ratsa Afirka baki ɗaya daga wutsiya zuwa kai, cikin lokacin da har yau ake jinjina masa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu ba da labarinta dalla-dalla, don akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Sunanta Fiat Campagnola, ana furta shi Kampanyola. A harshen Italiya ma'anar kalmar ita ce 'yar ƙauye, ko 'yar karkara. A nan wurinmu in an ce wa mutum ɗan ƙauye ba yabonsa aka yi ba. Su kuwa masu kamfanin Fiat da gangan suka zaɓi sunan, suna so manomi ya ji cewa motar tasa ce, ba ta 'yan birni masu tsoron laka ba.

Asalinta daga yaƙi ne. Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, sojojin Amurka sun bar ƙananan motocinsu na Jeep birjik a Italiya, kowa ya ga amfaninsu a kan dutse da taɓo. Rundunar sojan Italiya ta ce ita ma tana son irin wannan mota, amma ƙirar gida. Kamfanoni biyu suka shiga takara. Fiat, wanda aka kafa a Turin tun 1899, ya ɗora aikin a kan babban injiniyansa Dante Giacosa. Alfa Romeo shi ma ya fito da tasa, wadda ta yi suna da laƙabin Matta, wato mahaukaciya. Ta Alfa mota ce mai kyau, sai dai tsada. Fiat kuwa ya yi dabara, ya ɗebo inji da sassa da yawa daga motocin da yake ƙerawa tuntuni, farashi ya sauko. Soja suka fi karkata gare ta. Mahaukaciya ba ta wuce guda 2,000 da 'yan kai ba aka daina yin ta, 'yar ƙauye kuwa aka nuna ta ga jama'a a baje kolin birnin Bari a 1951, aka ci gaba da ƙera ta har 1973, guda wajen 39,000. Samfurin soja shi ake kira AR 51.

Bari mu buɗe mata baki mu duba ciki, don direbobi da makanikai da ke karanta mu. Injin fetur ne mai silinda 4, girmansa cc 1,901, ƙarfinsa doki 53. In ta yi gudun ƙure a kan hanya mai kyau, kilomita 100 a awa. Hilux ɗin da ke jigilar 'yan kasuwa a yankinmu, ƙarfin injinsu ya kusa ninka wannan, wasu ma sun ninka shi har da ɗoriya. Kat-kat ce, amma ba kullum ba: a kan ƙasa mai tauri tayoyin baya ke ja, in an shiga rairayi direba ya ja sanda na gaba su kama. Tana da ƙaramar giya ta musamman da ke rage gudu ta ƙara ƙarfi, irin wadda ake sa wa in za a hau tudu ko a fita daga kwari. Nauyinta bai kai tan ɗaya da rabi ba. Wannan rashin nauyi ba ƙaramin abu ba ne a rairayi, duk wanda ya taɓa tura babbar mota da ta kafe ya san haka. Sannan babu kwamfuta a cikinta, babu wani abu da sai an jona na'ura kafin a gane ciwonsa. Kafireta ce, da filogi, da lagireto. Mutum mai sifana da basira zai iya kwance ta a gindin itace ya mayar.

Sabuwar mota tana bukatar a yarda da ita. Shugabannin Fiat suka yanke shawarar su gwada ta a inda ba a yi wa mota alfarma: daga Aljas, babban birnin Aljeriya a bakin tekun Bahar Rum, zuwa Cape Town, wanda masu Faransanci ke ce wa Le Cap, can ƙarshen Afirka ta Kudu, sannan a juyo. Aka yi wa motar gyare-gyare, aka rufe mata jiki, aka sa mata abin ɗora kaya a sama, da ƙarin fitilu, da wurin ɗaure jarkoki da kayan gyara. Mutum biyu ne ke riƙe da sitiyari: Paolo Butti, wanda ya riga ya san hanyoyin Afirka, da Domenico Racca, mai gwajin motoci a masana'antar Fiat, wanda ya san wannan mota tun tana kan gwaji.

A ƙarshen 1951 suka tashi daga Aljas suka gangara kudu. Wannan zuwan ba shi ne abin labari ba. Dawowar ce, a farkon 1952. Daga Kap zuwa Aljas, tafiyar sama da kilomita 14,000, suka yi ta cikin kwana 11 da awa 4 da minti 54.

Lambobi ba sa shiga kunne sai an kawo su gida, to bari mu kawo su. Kwana 11 da awa 5 ya kama awa 269. In aka raba tafiyar da wannan, za a samu kimanin kilomita 52 a kowace awa, ba dare ba rana, har da lokacin shan mai, da jiran jirgin fito a bakin kogunan Kwango, da tsayawa gaban jami'an kan iyaka, da canjin taya, da ɗan runtsawar da ɗan Adam ba ya iya kauce mata. A kowace rana sun ci kilomita fiye da 1,200. Daga Gure zuwa Yamai bai kai haka ba. Ke nan kullum sai sun yi tafiyar da ta fi ta Gure zuwa Yamai, su wayi gari su sake, har sau goma sha ɗaya a jere. Mu da ke shiga bas a kan kwalta, mu sauka a Yamai ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe, sai mu auna. Su kuwa yawancin hanyarsu burji ce da gargada da laka da rairayi, a motar da ba ta wuce 100 a awa. Motar da iyakar gudunta ke nan, in tana son ta riƙe 52 a matsakaici, ba ta da damar tsayawa ta yi jinya. Sirrin ke nan: ba gudu ta fi sauran motoci ba, tsayawa ce ba ta yi.

Mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na gyangyaɗi a gefe, a sauya. Sun taso daga zafin bazarar kudancin Afirka, domin can Janairu lokacin zafi ne, suka ratsa dazuzzukan tsakiya, suka faɗo cikin hunturun Sahel da ƙurarsa, suka shiga hamada inda dare ke da sanyi mai ratsa ƙashi, suka ƙare da duwatsun Atlas na Aljeriya waɗanda a wannan wata ƙanƙara kan rufe su. Inji ɗaya, kafireta ɗaya, duk ta shanye wannan.

Yanzu ga inda labarin ya taɓo ƙasarmu. A wancan zamani masu tafiya tsakanin Aljas da ƙasashen kudu da mota hanyar Hoggar suka fi bi: Ghardaïa, El Goléa, In Salah, Tamanrasat, In Gezam, Agadas, Damagaram, Kano, daga nan a yi gabas zuwa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Damagaram, da ke kilomita 160 da ɗoriya daga Gure, zango ce babba a kan wannan layi. Ba Turawa suka gano hanyar ba. Ayarin raƙuma ya daɗe yana haɗa Kano da Damagaram da Agadas da arewa tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙera mota. Abin da mota ta yi shi ne bin sawun raƙumi. A 1924 motocin Citroën guda 8 masu sarƙa a baya sun taso daga Colomb-Béchar a Aljeriya, suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram, wadda a lokacin ita ce hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, suka yi gabas zuwa Gigimi da tafkin Chadi. A shekarun 1930 wani kamfani mai suna SATT, na Georges Estienne, ya fara jigilar fasinja da wasiƙu daga Aljas zuwa Damagaram da Kano ta Hoggar. A 1952 babu ko taku ɗaya na kwalta tsakanin Damagaram da Agadas.

Akwai abin da littattafan masu sha'awar motoci ba su cika faɗa ba, mu kuwa ba za mu tsallake shi ba. Waɗannan hanyoyi na zamanin Faransa da hannun talakawa aka share su. Aikin tilas ne: a zo gari a ɗebi majiya ƙarfi, su sare itace, su kwashe duwatsu, su cike kwari da kwando a ka, ba lada. Sai a watan Afrilu na 1946 aka soke shi da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Shekara shida kacal ke nan kafin 'yar ƙauye ta kafa tarihinta. In ana yabon ƙarfen Turin, mu dai a nan muna tunawa da kakannin da suka shimfiɗa ƙasar da irin waɗannan motoci suka taka.

Abu na biyu da ya sa ake ƙetare hamada a tsira a lokacin shi ne tsari. Hukumomin Faransa ba sa barin mutum ya shiga Sahara yadda ya ga dama. Akwai lokacin da aka buɗe hanya, watannin sanyi, akwai lokacin da aka rufe ta saboda zafi. Sai an duba motarka da ruwanka da guzurinka. In ka bar wani zango, a buga waya ta iska a sanar da na gaba cewa ga mota tafe. In lokacin isarka ya wuce ba a gan ka ba, a fita nema, kuma kai za ka biya kuɗin neman. Mulkin mallaka ne, ba don ƙaunar kowa aka yi ba, amma tsarin ya ceci rayuka. Ko da hakan ma hamada ba ta bar cin mutane ba. A 1955 wasu Turawa huɗu da suka taso daga Kenya cikin wata ƙaramar mota Morris Minor, motar birni wadda ba ta da kat-kat, sun maƙale a arewacin Agadas wajen In Gezam, biyu daga cikinsu ƙishirwa ta kashe su.

Mu mutanen jihar Damagaram ba sai an je da mu 1955 ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, dab da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata. Yawancinsu daga yankin Kance suka fito, suna neman kaiwa Tamanrasat. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Hamadar nan guda ce, wadda motar doki 53 ta ƙetare shekara sittin kafin nan. Motocin 2013 sun fi ta ƙarfin inji nesa ba kusa ba. Abin da Butti da Racca suke da shi, waɗannan bayin Allah ba su da shi: mota da aka duba ta ƙusa-ƙusa kafin a tashi, kaya daidai ƙarfinta, kayan gyara a ciki, wanda ya san injin zaune a kujerar gaba, da kuma mutane a zango na gaba da suka san ana tafe, suna duban agogo. Wanda ya bi ɓarauniyar hanya don kauce wa jami'ai, wannan na ƙarshen shi ya fara rasawa, domin ba wanda ya san inda za a neme shi. Mun faɗi wannan ne saboda mun san a cikin masu karanta mu akwai wanda ke shirin tura wa ƙaninsa ko matarsa kuɗin mota zuwa arewa. Kafin ka tura, ka tambayi mota nawa za su tafi tare, jarka nawa ta ruwa, wa kuma zai san ranar tashi da ranar da ya kamata a isa.

Mu koma kan 'yar ƙauye, don labarinta da Nijar bai ƙare a nan ba. A 1974 Fiat ya fito da sabuwar Campagnola, mai injin cc 1,995 da doki 80, wadda kowace tayarta ke motsi ita kaɗai ba tare da ta ja 'yar uwarta ba, abin da ke sa ta lafe a kan gargada. Ita ce ta shiga tseren Paris-Dakar na farko. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, shi ya ƙirƙiro tseren, bayan ya ɓace da babur ɗinsa a hamada wajen iyakar Nijar da Libiya a 1977 aka ceto shi da ƙyar. Ran 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Paris, suka biyo ta Aljas da Tamanrasat, suka shigo Nijar ta Asamaka da Arlit, suka sauka Agadas, suka wuce Yamai, daga nan Gao da Bamako. Ran 14 ga Janairu 1979 guda 74 kawai suka ga Dakar. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan babur Yamaha XT 500. A ɓangaren motoci Range Rover ce kan gaba, sai wata 'yar ƙaramar Renault 4 ta 'yan uwan nan biyu Marreau, ta uku kuwa Fiat Campagnola ce da Cesare Giraudo ke tuƙawa. Ba ta ci kofi ba, amma a tseren da fiye da rabin waɗanda suka tashi suka watse a hanya, ta isa da ƙafafunta.

Bayan haka tseren ya yi ta kewaya mu. A 1986 ya gangaro daga Dirku da Agadem ya sauka Damagaram. A shekarar ce Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali, ran 14 ga Janairu, aka kuma watsa tokar gawarsa a gindin wani itace tilo a cikin Tenere. A 1989 'yan tseren sun kwana a Termit, wadda a lokacin tana cikin yankin Gure, kafin Taskar ta zama gunduma mai cin gashin kanta. A 1990 sun bi ta Gigimi. A 1992 kuwa aka sauya akala gaba ɗaya, aka yi Paris zuwa Kap, ta Dirku da Gigimi da Njamena, Hubert Auriol ya ci da Mitsubishi. Shekara 40 cif bayan Butti da Racca, ga jiragen sama na rakiya, ga manyan motoci cike da kayan gyara, ga makanikai da likitoci, kuma tafiyar ta ɗauki mako uku. Ba mu ce a gwada su kai da kai ba, don tsere mai zango-zango daban yake da gudun ba tsayawa. Amma dai mutum ya ji wannan ya ƙara girmama mutanen nan biyu da shebur ɗinsu.

Ra'ayinmu kan wannan tsere a rabe yake, kuma ba za mu ɓoye ba. Agadas ta ci moriyarsa: masu masauki, masu jagora a hamada, maƙeran azurfa, masu sayar da mai. Marigayi Mano Dayak na cikin waɗanda suka yi aiki da masu shirya shi, sunan Tenere ya zaga duniya. Amma ƙauyukan da ke kan hanya me suka samu? Ƙura, da dabbobin da aka firgita, wani lokaci da gawa. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a Kita ta ƙasar Mali, kuma ba ita kaɗai ba ce a tarihin tseren. A 2000 aka tsallake Nijar da jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro, a 2008 aka soke tseren ɗungurum, a 2009 ya koma Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin sa, sunan Dakar ɗin kawai ya rage. Sun tafi da wasansu. Rairayin da suke biyan miliyoyi don su zo su yi kokawa da shi na mako biyu, shi ne muke shiga kullum da mai naƙuda a bayan mota, muna addu'ar kada a kafe kafin a kai asibitin Gure. Kwaltar da ta haɗa Gure da Gigimi, wadda ake kira hanyar Haɗin Kai, da taimakon Kanada aka yi ta a shekarun 1970. Wanda ya sauka daga babbar hanya ya nufi ƙauyukanmu kuwa, har yau abin da Racca ya sani shi yaron mota ke yi: a rage iskar taya, a sa ƙaramar giya, a haƙa, a shimfiɗa faifan ƙarfe ko rassan itace, a tura.

Wani zai ce, to in motar nan tana da wannan jimiri haka, me ya sa ba mu taɓa ganin ta a tashar Gure ko ta Damagaram ba? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta fi tarihin amfani. Yawancin Campagnola soja da 'yan sanda da 'yan kwana-kwanan Italiya suka saye su. Har Paparoma John Paul na biyu yana da guda, fara, a cikinta ma yake tsaye lokacin da aka harbe shi a dandalin Saint Peter ran 13 ga Mayu 1981. Amma ba a kafa mata kasuwa a ƙasashenmu ba, ba dillali, ba shagon kayan gyara, ba makaniken da ya koyi aikinta tun yana yaro. Land Rover ta samu wannan, Peugeot 404 da 504 suka samu, daga baya Toyota ta zo ta kwashe kasuwar duka. Ba wai sunan Fiat baƙo ba ne a nan. Tsofaffin direbobin manyan motoci sun san Fiat 682, gingimarin da aka fara ƙerawa a 1952, wanda ya yi suna a Afirka saboda ɗaukar wahala, kuma a Kano an yi kamfanin NTM da ke harhaɗa manyan motoci da taraktocin Fiat. Inda aka samu kayan gyara da masu gyara, Fiat ta zauna. Inda ba a samu ba, ko wadda ta ratsa Afirka cikin kwana 11 ba ta yi saiwa ba. A 1987 aka daina ƙera Campagnola.

Wannan magana ta 'yan uwanmu na waje ce musamman. Allah Ya saka muku da alheri, kuna ƙoƙari, wasu na haɗa kuɗi shekara da shekaru don su turo mota gida, ta haya ko ta ɗaukar marar lafiya. Sai dai mun sha ganin mota mai sheƙi ta iso, a yi murna, a yi wata huɗu, wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana ba ta mutu a cikinta. A nema a Gure babu, a Damagaram babu, a aika Kano a ce sai an yi oda. Mota ta zauna a ƙofar gida, tayoyi su sace, awaki su samu inuwa, kaji su samu wurin ƙwai. Kafin ka saya, ka kira makaniken da zai riƙa duba ta, ba mai sayarwa ba. Ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irin injin, ko ana samun filtarta da famfon manta da sifirin ɗinta a Damagaram, ko tana jure man da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, ko cikinta na da tsayin da zai wuce kan rairayi bai dafe ba. In ya yi shiru yana sosa ƙeya, ka nemi wata, ko da ba ta kai waccan kyau a hoto ba.

Ita dai motar da ta yi wannan tafiya ta 1952 tana nan a Turin, a gidan adana motocin da ake kira Heritage Hub a unguwar Mirafiori, cikin tsohuwar masana'antar Fiat, tare da ɗaruruwan motocin Fiat da Lancia da Abarth. Irinta da aka shirya don wannan tafiya ba su da yawa tun asali, shi ya sa masu sha'awa ke zuwa daga nesa su tsaya a gabanta. Ɗan uwan da ya turo hoton, mun gode, ga amsarka.

Muna kuma da roƙo ga dattawanmu. Duk wanda ya ga wucewar motocin tsere da idonsa, a Damagaram a 1986, ko a Termit, ko a Gigimi, ko ya taɓa taimaka wa wani Bature da ya kafe, ko ya yi yaron mota a kan Fiat 682 ko tsohuwar Land Rover tsakanin Gure da Taskar, ya leƙo gidan rediyo ranar kasuwa, ko ya sa jikansa ya turo mana saƙon murya. Haka ma wanda ya ji daga bakin mahaifinsa yadda aka share hanyar mota ta farko a yankinmu, da garuruwan da aka ɗebi mutane. Za mu naɗa, mu sa a shirinmu, da Hausa da Barbarci.